A Riƙa Jin Ta Bakin Masu Gudun Fanfalaki a Ƙananan Birane

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina a kan wani ɓangare na wasanni da na lura ba a cika waiwayarsa ba. Duk shekara idan kaka ta kama a ƙasashen sanyi, wato daga watan Satumba zuwa Nuwamba, shafukan wasanni kan cika da labarin gudun fanfalaki na Balin da Shikago da New York, a kawo sunan wanda ya zo na ɗaya, da lokacin da ya yi, da yawan kuɗin da ya lashe, daga nan kuma sai a rufe zancen sai wata shekara. A cikin waɗannan makonni ne kuma ake yin tsere iri ɗaya, mai nisa iri ɗaya, a ɗimbin ƙananan birane da ba a jin sunayensu, kuma abin da mutanen da ke shiga waɗannan ƙananan tsere suke gani da idonsu, suke ji a jikinsu, shi ne nake ganin ya cancanci a saurara.

Ban faɗi haka don in rage darajar zakaru ba. Wanda ya ga yadda Eliud Kipchoge na Kenya ya gama kilomita 42.195 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Balin a shekarar 2022, ko yadda marigayi Kelvin Kiptum ya rage wannan lokaci zuwa awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a watan Oktoba na 2023, ya san cewa Allah ya yi wa wasu bayinsa baiwar da ba a samun ta da atisaye kaɗai. Sai dai ya kamata mu tuna cewa manyan gasannin nan su ma da ƙanƙanta suka fara. Gudun New York na farko, wanda aka yi a 1970, mutum 127 ne suka shige shi, suna ta zagaye lambun Central Park, 55 kawai suka kai ƙarshe, ga shi yau masu kammalawa sun haura dubu hamsin. A birnin Kosice na ƙasar Sulobakiya kuwa, wanda ba ya cikin manyan biranen Turai, ana yin gudun fanfalaki a kusan kowace kaka tun 1924, kuma shi ne mafi daɗewa a nahiyar. Abebe Bikila na Habasha, wanda ya lashe zinare ba takalmi a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960, bai raina wannan birni ba, ya je ya yi gudu a cikinsa a 1961, ya kuma zo na ɗaya.

Ni kaina a watan Oktoban da ya gabata na shiga irin wannan tsere a wani ƙaramin birni na Turai, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda akwai ƙorafin da zan yi a gaba, kuma ba na son ya zama tozarci ga mutanen da na ga sun yi iya ƙoƙarinsu. Mu da muka yi rajistar cikakken nisa ba mu kai dubu ɗaya ba. Da na riƙa tambayar abokan gudu abin da ya kawo su, sai na tarar dalilan sun sha bamban. Wasu sun yi shekaru suna neman gurbi a Landan ko New York, inda ake raba wasu gurabe ta hanyar ƙuri'a, ba su dace ba, har suka gaji suka nemi inda za a karɓe su ba tare da ja-in-ja ba. Wasu kuma gwanaye ne da ke neman lokacin da zai ba su damar shiga gudun Boston, wanda ake yi tun 1897 kuma yawancin masu shigarsa sai sun nuna shaidar cewa sun taɓa gama nisan cikin ƙayyadadden lokaci. Irin waɗannan sun fi son ƙaramin tsere domin babu cunkoson da zai sa mutum ya ɓata ƙarfinsa wajen kauce wa na gabansa. Mafi yawa kuwa mutanen garin ne da na ƙauyukan kewaye, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da direbobi da 'yan fansho, waɗanda burinsu kawai su ga sun kai ƙarshe a kan titunan da suke bi kullum zuwa wurin aiki.

Safiyar ranar ba za ta fita daga raina ba. Gari bai gama wayewa ba muka taru a ɗakin motsa jiki na wata makaranta, inda aka shimfiɗa tebura ana raba lambobin da ake maƙalawa a ƙirji, kowace lamba da ɗan ƙaramin na'ura a bayanta mai ɗaukar lokacin da mutum ya tashi da lokacin da ya iso. A waje hazo ya rufe gari, sanyi kuma ya sa numfashin kowa yana fita kamar hayaƙi. Na ga mutane da yawa sun huda manyan ledojin shara sun zura kawunansu a ciki domin su tare iska, wasu kuma sun sa tsofaffin rigunan sanyi da za su yar a bakin hanya idan jiki ya ɗumama. Kusa da ni wani dattijo yana zaune a kan benci yana shafa man shafawa a tsakanin yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai aikin da ya yi sau ɗari, domin ya san cewa gogayyar safa da fata, wadda ba a ko jin ta a kilomita biyar, ita ce ke zama bororo mai jini a kilomita talatin. Ba a yi wani dogon buki ba. Wani jami'in gari ya yi magana ta minti biyu, aka harba bindigar tashi, kafin minti ɗaya ya cika duk mun tsallake layin farawa, alhali a manyan gasanni na baya kan jira fiye da rabin awa kafin layi ya zo kansu.

Akwai dalilin da ya sa ake tara irin waɗannan tsere a kaka. Jikin mai dogon gudu tamkar inji ne da ke fitar da zafi mai yawa, kuma idan gari ya yi zafi, jinin da ya kamata ya kai iska ga tsokoki sai a raba shi, wani ya tafi fata domin sanyaya jiki, zuciya ta ƙara bugu, ƙafa ta yi nauyi. Wanda ya yi watanni huɗu yana atisaye a cikin zafin bazara, idan ya fito ranar tsere ya tarar da sanyi mai daɗi, sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Amma wannan sanyin yana da nasa tarkon, domin yana ruɗar mutum ya tashi da saurin da ba zai iya riƙewa ba, yana kuma ɓoye ƙishirwa har sai ta yi nisa. Ga ganyayen da suka zubo daga bishiyoyi, waɗanda suke ƙawata hotunan da masu shirya gasa ke tallatawa, amma idan yayyafi ya jiƙa su sai su koma santsi kamar sabulu. A wata kwana da ke gangarowa bakin kogi na ga wani matashi ya zame ya daki ƙasa da gwiwa, ya tashi ya ci gaba jini na bin ƙwaurinsa.

Rabin farko na tseren ya wuce cikin raha. Mun ratsa tsakiyar gari, yara suna miƙo hannu a tafa, 'yan uwa suna ɗaga kwalaye masu sunayen nasu. Amma da aka kai wurin da masu rabin nisa suka karkata hagu zuwa layin ƙarshe, mu kuma muka miƙe dama zuwa bayan gari, sai titin ya yi fayau. A nan ne ƙaramin tsere yake nuna ainihin halinsa. A Landan ko New York, an ce mutum ba ya rabuwa da sowar jama'a tun daga farko har ƙarshe, ihun mutane ma yana iya ɗaukar mai gudu ya kai shi inda ƙafarsa ta gaza. A wurinmu kuwa, daga kilomita 25 zuwa 34 babu kowa sai gonakin da aka girbe, da kogi a gefe guda, da iska mai busowa a fuska. Na yi tafiyar kusan minti ashirin ban ji komai ba sai sautin takalmina da hakin wani mutum da ke bayana wanda ban taɓa waiwayawa na ga fuskarsa ba. Wasu daga cikin waɗanda na zanta da su daga baya sun ce wannan shirun ne ya fi ba su wuya, har wani ya ce a nan ya yanke shawarar ba zai sake ba. Wasu kuma sun ce don shi suke dawowa kowace shekara, domin babu wani lokaci a rayuwarsu da suke samun kansu su kaɗai da tunaninsu kamar wannan. Ni dai ina cikin na biyun, ko da yake a lokacin ban san haka ba.

Wajen kilomita 32 ne ido ya raina fata. Duk wanda ya taɓa wannan gudu ya san wurin, domin jiki yana ajiye wani nau'in sukari a cikin tsoka da hanta wanda shi ne man da ake ƙonawa idan ana sauri, kuma ajiyar ba ta isa ta kai yawancin mutane ƙarshen kilomita 42 ba. Idan ta ƙare, jiki ya koma dogaro da kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da hanzari, sai ƙafafu su yi kamar an ɗaura musu duwatsu, kai ya yi dum, lissafi mai sauƙi ma ya gagara. Haka ta faru da ni. Cinyata ta dama ta fara ɗaurewa, na tsaya na dafa wani turken fitila ina tunanin ko in zauna in jira motar da ke kwasar waɗanda suka gaza. Sai wata mata da za ta kai shekara sittin, mai furfura a ɗaure da ƙyalle, ta iso inda nake, ta rage gudu, ta ce kada in zauna, domin wanda ya zauna a wannan sanyi jikinsa zai sandare ya kasa tashi. Ta ce in yi tafiya ta minti ɗaya, in yi sassarfa ta minti huɗu, in daina tunanin kilomita goman da suka rage, in riƙa duban bishiyar da ke gabana kawai. Ta ciro 'yar ledar ruwan sukari mai kauri daga aljihunta ta ba ni, muka jera tare har kusan kilomita uku ba mu ƙara cewa uffan ba, sa'an nan ta ɗaga mini hannu ta wuce. Ban san sunanta ba, ban kuma sake ganinta ba, amma da ba don ita ba da ban gama ba.

Yanzu ga ƙorafin da na ambata. Masu shirya gasar sun rubuta a takardar rajista cewa hanya za ta kasance a buɗe ga masu gudu har awa shida. Da wannan alkawari mutane irina suka shiga, suka tsara saurinsu a kansa. Amma da na iso teburin ruwa na kilomita 36, alhali ko awa huɗu da rabi ba a yi ba, sai na tarar an riga an naɗe shi, an loda kofuna a mota, babu abin da ya rage sai jiƙaƙƙen titi da kofunan da na gaba suka zubar. Gaba kaɗan kuma aka fara sakin motoci, aka ce mu koma gefen hanya inda masu tafiya a ƙasa ke bi, muna hawa muna sauka a kan dakalin titi da ƙafafun da ko ɗaga su ba ma iya yi sosai. A wata mararraba an cire alamar da ke nuna inda za a karkata, har wasu mutum biyu da ke gabana suka miƙe suka yi nisa kafin wani mai keke ya bi su ya dawo da su. Wani magidanci da gidansa ke bakin hanya, da ya ga halin da muke ciki, shi ne ya fito da bokiti da kofi ɗaya ya tsaya a ƙofar gidansa yana ba duk wanda ya zo wucewa.

Na san masu shirya irin wannan gasa ba su da kuɗin manyan birane, na san 'yan sanda kan matsa a buɗe hanya domin mazauna gari su ma suna da uzurinsu, na kuma san cewa matasan da ke tsaye a teburan ruwa 'yan sa-kai ne da suka fito tun asuba, hannuwansu sun yi jawur saboda sanyi, ba a biyansu ko sisi. Ban ɗora wa ko ɗaya daga cikinsu laifi ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya gama cikin awa uku da wanda ya gama cikin awa biyar da rabi ba tsere ɗaya suka gani ba, ko da yake hanya ɗaya suka bi, kuɗi ɗaya suka biya. Na farkon ya samu ruwa a kowane tebur, ya samu jama'a, ya samu titi a share. Na biyun shi ne ya fi daɗewa a kan ƙafarsa, shi ne ya fi fuskantar bushewar jiki da shigar sanyi, shi ne kuma ya fi yiwuwa ya zama sabon shiga ko mai yawan shekaru, amma shi aka bari ba kowa. Idan gari ba zai iya rufe titi na awa shida ba, to a faɗi gaskiya tun farko a ce awa biyar, kowa ya san inda ya dosa. Idan kuwa an ce shida, to teburin ƙarshe ya tsaya har mutum na ƙarshe ya wuce, motar asibiti ta biyo bayansa, alamun hanya su zauna a inda suke. Wannan bai buƙatar wani kuɗi mai yawa, abin da yake buƙata shi ne a raba 'yan sa-kai kashi biyu, na safe da na rana, a kuma sa wani mutum guda wanda aikinsa kawai ya kula da na baya.

Akwai wani ƙorafi da na ji wasu suna yi wanda ban goyi bayansa ba, kuma adalci ne in faɗa. Da yawa sun ce agogunansu masu aiki da tauraron ɗan Adam sun nuna sun yi fiye da kilomita 42.195, wai an tsawaita hanya. Nawa agogon ma ya nuna ƙari na kusan mita ɗari huɗu. Amma ana auna hanyar tsere ne da keke mai na'urar ƙirga juyin taya, ana bin layi mafi gajarta a kowace kwana, sa'an nan a ƙara mita ɗaya a kan kowane kilomita da gangan domin kada hanyar ta gaza. Babu mai gudun da ke iya bin wannan layi daidai, agogon kansa kuma yana kuskure a tsakanin gine-gine da bishiyoyi. Shi kansa nisan ya samo asali ne daga wasannin Olamfik na Landan na 1908, aka tabbatar da shi a 1921, kuma a kansa ake auna ƙaramin tsere da babba ba bambanci.

Na isa layin ƙarshe bayan awa 5 da minti 14. An riga an raba kyaututtuka, zakaran ya yi wanka ya tafi gida, ma'aikata suna kwance allunan talla. Amma mai sanarwa bai bar wurinsa ba, ya duba lambata a takarda ya kira sunana da lasifika, ya yi ta ƙoƙarin furta shi daidai har sau biyu, 'yan mutanen da suka rage, waɗanda ba su fi talatin ba, suka tafa kamar sun san ni. Wata yarinya 'yar makaranta ta rataya mini lambar yabo, wata ta lulluɓe ni da siririn bargon nan mai ƙyalli da ke hana zafin jiki fita, domin da zarar an tsaya gumi ya huce sai rawar ɗari ta kama mutum. Na zauna a kan matakalar wani gini ina kallon waɗanda ke isowa bayana, ɗaya bayan ɗaya, wani yana ɗingishi, wata tana kuka, wani tsoho kuma jikokinsa biyu suka tsallake shinge suka kama hannuwansa suka shigo da shi. Na ƙarshe ya iso ana saura minti kaɗan awa shida ta cika, mai keken da ke rufe tsere yana biye da shi a hankali, kuma tafin da aka yi masa ya fi wanda aka yi wa kowa a cikinmu.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan kaka ta sake zagayowa, jaridarka ta ware ko da rabin shafi ne domin irin waɗannan mutane. Wakilin da zai rubuta labarin kada ya tattara kayansa da zarar na ɗaya ya tsinka zare, ya daure ya tsaya har awa ta biyar da ta shida, ya tambayi masu isowa ko sun samu ruwa a teburin ƙarshe, ko an bar musu hanya, da kuma abin da ya hana su tsayawa a lokacin da jiki ya ce ya gaji. Masu shirya gasa suna karanta abin da aka rubuta a kansu, kuma abin da jarida ta tambaya shi suke gyarawa. Ni dai na riga na rubuta wa waɗanda suka shirya namu tseren, na gode musu, na kuma zayyana musu abin da ya faru daga kilomita 36 zuwa gaba, na ce idan ƙafata ba ta ba ni damar gudu a Oktoba mai zuwa ba, su sa sunana cikin masu tsayawa a wannan tebur.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum.